Amitiriptilin da sagewar ƙafa: shin maganin ne yake lalata jijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata shekarunta 61, tana da ciwon suga yau shekara 12, kuma tun farko metfomin take sha. Ta daɗe tana fama da zafin tafin ƙafa, musamman da dare, har ba ta iya barci. Wata 5 da suka wuce aka rubuta mata wani magani, a jikin kwalin an rubuta amitriptyline, miligiram 25, ƙwaya ɗaya kafin ta kwanta. Zafin ya ragu sosai, tana samun barci. To amma yanzu tana cewa yatsun ƙafarta sun sage, wani lokaci silifas ya sulluɓe ba ta sani ba, ga bushewar baki. Na karanta takardar cikin kwalin, na ga ashe maganin ciwon damuwa ne, kuma an rubuta cewa yana iya taɓa jijiya. Yayana ya ce ta daina sha kawai. Shin irin waɗannan magunguna suna lalata jijiya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya kuma saka muku da alheri ke da yayanki bisa yadda kuke tsaye a kanta.

Amsar a gajarce ita ce: yana iya faruwa, amma da wuya ƙwarai. A irin adadin da Hajiya take sha, da ciwon suga na shekara 12 a jikinta, da metfomin na tsawon wannan lokaci, idan aka ce in jera waɗanda nake zargi da sagewar nan, amitiriptilin ne zai zo a can ƙarshe. Kada ta daina sha rana ɗaya. Amma kuma kada a zauna a kan sagewar, domin ita ce abin da ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki.

Sai mun fara daidaita kalma tukuna, saboda a Hausa jijiya suna ne na abu uku. Akwai jijiyar jini, wadda ake nema a hannu idan za a sa ruwa. Akwai jijiyar da take ɗaure tsoka da ƙashi, irin wadda mahauci yake cirewa daga nama, kamar agara. Sai kuma ta uku, farar igiya siririya da take tasowa daga laka ta ratsa jiki har zuwa kan yatsa, wadda take kai saƙon taɓawa da zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa, ta kuma dawo da umarnin motsi. Wannan ta ukun muke magana a kai. Na sha ganin mara lafiya ya tsorata don ya ɗauka an ce masa jini ya daina zuwa ƙafarsa, alhali abin da ake nufi daban ne.

Amitiriptilin ɗan wani gida ne na magunguna da ake kira masu zobe uku, saboda idan aka zana siffar sinadarinsu a takarda, zobba uku ne a manne da juna. Babbansu shi ne imipiramin, wanda wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Roland Kuhn, ya bayyana amfaninsa ga masu ciwon damuwa a 1957. Amitiriptilin ya samu izinin shiga kasuwa a Amurka a 1961. Cikin danginsu akwai nortiriptilin, kulomipiramin, desipiramin da doksepin. Kin ga ke nan fiye da shekara 60 ana shan su a duniya, kuma amitiriptilin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wannan tsufan nasu yana da amfani ga tambayarki. Maganin da miliyoyin mutane suka sha tsawon wannan zamani, da yana cin jijiya a kai a kai, da tuni abin ya fito fili kowa ya sani.

Na san abin da ya sosa miki rai da kika ga an rubuta ciwon damuwa. Da yawa daga cikin iyayenmu idan suka ji haka sai su ce, wato likita ya ɗauke ni mai taɓin hankali, ko ya ɗauka ƙarya nake yi. Ko kusa. A 1987 wasu likitoci a Amurka ƙarƙashin Mitchell Max suka gwada amitiriptilin a kan masu zafin ƙafa na ciwon suga, suka tarar yana rage zafin ga wanda yake cikin damuwa da wanda hankalinsa yake kwance, duk ɗaya. A 1992 suka sake gwaji, suka ga desipiramin ma yana yi. Yau amitiriptilin yana cikin magunguna huɗu da ake fara zaɓa don ciwon jijiya, tare da duloksetin, gabapentin da piregabalin. Adadin ma ya bambanta. Don ciwon jijiya ana farawa daga miligiram 10 ko 25 da dare, ba a cika wuce 75 ba. Don ciwon damuwa kuwa yakan kai 75 zuwa 150. Ana kuma ba da shi don rigakafin ciwon ɓarin kai, kamar yadda a da aka yawaita ba yara imipiramin saboda fitsarin kwance.

Yadda yake aiki shi ne zai warware miki rabin ruɗanin. Jijiyar da suga ya fara ci ba ta yin shiru nan take. Tana fara aika saƙon ƙarya ne, ta ce wa ƙwaƙwalwa ana ƙona tafin ƙafa alhali babu wuta, ta ce ana soka allura alhali Hajiya tana kwance a kan katifa. Shi ne za ki ji suna cewa kamar an zuba barkono, ko kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. Amitiriptilin yana tare wannan ƙarar ta hanya biyu. A cikin laka akwai wasu hanyoyi da suke saukowa daga ƙwaƙwalwa, aikinsu su rage ƙarfin saƙon zafi kafin ya hau sama, kuma da sinadaran noradirenalin da serotonin suke aiki. Maganin yana hana a kwashe waɗannan sinadarai da wuri, sai hanyoyin su ƙara ƙarfi. Sannan a jikin jijiyar kanta akwai ƙananan ƙofofi da sodiyam, wani sinadari da yake cikin gishiri, yake bi a duk lokacin da saƙo zai tashi. Maganin yana ɗan toshe su, kamar yadda allurar kashe wuri take yi idan za a cire haƙori, sai dai shi da sauƙi sosai.

Duk wannan rage kuka ne. Maganin ba ya gyara jijiyar, ba ya kuma tsayar da abin da yake cin ta. Idan sugan bai daidaita ba, ɓarnar tana ci gaba a ƙarƙashi, mara lafiya kuwa yana barcinsa lafiya lau yana godiya. Ina so ki riƙe wannan, don nan gaba za mu dawo kansa.

Yanzu batun takardar cikin kwali. Abin da kika karanta gaskiya ne, yana nan a rubuce. Amma abu biyu ne aka rubuta, kuma mutane suna haɗe su. Na farko shi ne jin minjirya, ko tsikari, ko ɗan sagewa a hannu da ƙafa. A bayanin maganin da hukumomin Turai suka amince da shi, an sa wannan cikin illolin da ake yawan gani, wato tsakanin mutum 1 cikin 100 zuwa 1 cikin 10. Wannan ji ne kawai, ya samo asali daga yadda maganin yake taɓa tafiyar saƙo. Jijiyar tana nan ƙalau, kuma idan aka rage maganin ko aka janye shi sai abin ya wuce. Yakan kuma bayyana ne a makonnin farko ko bayan an ƙara adadi. Na biyu shi ne ainihin lalacewar jijiyoyi, inda igiyar kanta take samun rauni. A wannan bayanin an sa shi a rukunin da ya fi kowane ƙaranci, ƙasa da mutum 1 cikin 10,000. Tun shekarun 1960 likitoci suke kawo rahoton mutum ɗaya a nan, ɗaya a can, da suka samu sagewa da raunin ƙafafu suna kan amitiriptilin ko imipiramin, kuma a yawancin rahotannin sun samu sauƙi bayan an tsayar da maganin. Dokar rubuta irin wannan takarda ita ce a sa duk abin da aka taɓa gani ga mai shan maganin kuma ake zaton yana da alaƙa da shi, ko da sau kaɗan ne. Daidai ne a yi haka. Matsalar ita ce ƙaramar takardar ba ta da bakin da za ta zauna da ke ta ce wannan kullum ake gani, wancan kuwa likita zai iya gama aikinsa bai gamu da shi ba.

Idan kika shiga intanet za ki iya cin karo da maganar cewa an tabbatar amitiriptilin guba ne ga jijiya. Ga asalinta. A farkon shekarun 2000 masu bincike sun yi sha'awar mayar da shi allurar kashe wuri, saboda sun ga yana sagar da jijiya na dogon lokaci. Da aka zuba shi mai kauri kai tsaye a kan babbar jijiyar cinyar ɓera, sai aka ga jijiyar ta lalace, kuma gwargwadon kaurinsa gwargwadon ɓarnar. Wannan binciken gaskiya ne, shi ya sa ma ba a yin allurar kashe wuri da shi. Amma abin da yake isa jijiyar ƙafar Hajiya daga ƙwaya ɗaya da ta bi ta ciki, ta ratsa hanta, ta watsu a jini da sauran jiki, bai kama ƙafar abin da aka zuba wa ɓeran ba.

To me ya sagar da yatsun Hajiya? Abu na farko da zan duba shi ne sugan kansa. Kusan rabin masu ciwon suga sukan samu matsalar jijiya idan shekaru suka tura. Jijiyoyin da suka fi tsawo su suke fara faɗuwa, shi ya sa abin yake farawa daga yatsun ƙafa, duka biyun, ya riƙa hawa a hankali kamar ana sa safa, sai ya kusa gwiwa kafin yatsun hannu su fara. Kuma yana da matakai. Da farko zafi, lokacin da jijiyar take da rai tana kuka. Daga baya, idan zarurrukan jijiyar suka mutu, sai zafin ya lafa, sagewa ta maye gurbinsa. Sau da yawa sagewar tana nan tun da, zafin ne ya danne ta, mutum bai lura ba sai da aka kashe masa wutar. Saboda haka jerin da kika kawo, zafi, sai magani, sai sauƙi, sai sagewa, jeri ne da nake ji kusan kowane mako, kuma maganin da ya zo a tsakiya shi yake shan zargi don shi ne baƙo.

Na biyu, metfomin. Magani ne mai kyau, ba na so ki ji tsoronsa, amma idan aka daɗe ana sha yana rage yadda hanji yake tsotsar bitamin B12, ita kuwa jijiya ba ta rayuwa sai da shi. A 2022 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sanar cewa wannan ƙarancin yana iya shafar har mutum 1 cikin 10 na masu shan metfomin, musamman masu shan adadi mai yawa ko waɗanda suka daɗe a kansa. Shekara 12 ba kwana biyu ba ce. Wannan ne zargin da na fi so a fara kawarwa, domin gwajin jini ɗaya ne, maganinsa kuma allura ce ko ƙwaya mai araha, amma idan aka bar shi ya daɗe ɓarnar ba ta komawa gaba ɗaya. Yana ba ni takaici in ga dattijuwa ta yi shekara biyu ana canza mata maganin zafi, ba wanda ya taɓa auna mata B12.

Sai sauran abubuwan da ake tambaya. Akwai magungunan da cin jijiyarsu sananne ne, ba irin na 1 cikin 10,000 ba: aisoniyazid na tarin tibi, wanda saboda haka ake haɗa shi da bitamin B6, Flagyl idan aka daɗe ana sha, Cipro da danginsa, waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta ƙarfafa gargaɗi a kansu game da jijiya a 2013, tsohon maganin ƙanjamau sitabudin, da wasu magungunan ciwon daji irin su binkiristin da sisfilatin. Akwai ciwon ƙoda, da raguwar aikin ƙululun wuya da idan ya kumbura muke kira maƙoƙo, da giya, da ƙanjamau, da kuturta, wadda har yanzu ba ta ƙare a ƙasashenmu ba, ita kuma takan zo da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa. Bari in ƙara wani da ba a cika tunawa ba. Bitamin B6 da ake sayarwa a kemis a matsayin maganin jijiya, idan aka yi watanni ana shan mai yawa, shi da kansa yana lalata jijiyar ji. Ki tattara duk abin da Hajiya take sha, har na gargajiya da wanda maƙwabciya ta kawo, ki zuba a leda ki tafi da shi asibiti.

Da Hajiya za ta zo gabana, ga abin da zan yi. Zan ce ta cire takalmi da safa ta hau gado, in duba tsakanin yatsu da dunduniya. Zan ɗauko wani siririn zaren roba mai kama da na fatsa, wanda aka yi shi ya lanƙwashe daidai nauyin giram 10, in ce ta rufe ido, in riƙa dangwala shi a ƙarƙashin babban yatsa da tudun tafin ƙafa, duk inda ta ji ta ce na ji. A nan ne 'ya'ya suke yin tsit. Suna kallon zaren ya lanƙwashe a jikin ƙafar uwarsu, ita kuwa ido a rufe tana jira a fara. Sannan in buga wani ƙaramin ƙarfe mai baki biyu in ɗora gindinsa a ƙashin babban yatsa, in tambaye ta ko tana jin rawarsa, in matsa zuwa idon sawu, in matsa zuwa gwiwa, har in gano inda jin ya tsaya. In gwada ƙarfin ɗaga ƙafa, in ƙwanƙwasa agara, in taɓa bugun jini a bayan ƙafa. Duk wannan bai fi minti 10 ba, kuma yana gaya mini fiye da abin da takardar kwali za ta gaya miki. Daga nan sai gwajin suga na wata uku, B12, aikin ƙoda, da na ƙululun wuya. Gwajin gudun saƙo a jijiya da na'ura, wanda ake yi a wasu manyan asibitocin koyarwa, ba kowa ne yake buƙatarsa ba. Ana neman sa ne idan hoton bai yi kama da na suga ba.

Abin da zai sa in juyo da zargi kan amitiriptilin shi ne idan sagewar ta faro cikin makonni bayan fara shi ko ƙara shi, tana gudu fiye da yadda suga ya saba, ga rauni a ƙafa, gwaje-gwajen nan kuma duk sun fito lafiya. A irin wannan hali sai a janye shi a hankali a sa ido. Idan shi ne, abin zai tsaya, sannan ya fara ja da baya, ko da yake jijiya ba ta da gaggawa: wadda ta samu rauni tana tsirowa ne kimanin milimita 1 a rana, wato wajen inci ɗaya a wata.

Akwai kuma alamun da ba a jiran ranar asibiti a kansu, ko da wane magani mutum yake sha: rauni da yake hawa daga ƙafa zuwa sama cikin kwanaki, sagewar ɓari ɗaya na jiki ko karkacewar baki, ko ciwon baya da ya zo da kasa riƙe fitsari da bayan gida.

Ba zan yi miki adalci ba idan na tsaya a nan, domin akwai hanyoyin da wannan magani yake iya kai wa jijiya illa ta gaske, sai dai ba ta inda kike kallo ba.

Ta farko ido ne. Maganin yana buɗe ɗan baƙin tsakiyar ido. Ga wanda aka halicci idonsa da matsattsiyar magudanar ruwa, wannan buɗewar tana iya toshe ta, ruwa ya taru, ƙarfinsa ya danne jijiyar gani. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru awoyi ake ƙirgawa, kuma jijiyar gani idan ta mutu ba ta dawowa. Ciwon ido mai tsanani farat ɗaya, ido ya yi ja, gani ya dushe, ana ganin zobe kewaye da fitila, ga ciwon kai da amai: a tafi asibitin ido a daren. Duk wanda aka taɓa ce masa yana da hawan jinin ido ya faɗa wa likita kafin a rubuta masa.

Ta biyu ita ce shan fiye da ƙima, kuma a nan ne magunguna masu zobe uku suka yi ƙaurin suna. Waɗannan ƙofofin sodiyam da na ambata, akwai irinsu a zuciya. Idan maganin ya yi yawa a jini sai bugun zuciya ya rikice, jini ya faɗi, jijjiga ta zo, mutum ya shiga doguwar suma. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska na wasu mintuna tana iya samun tabo na har abada. Na taɓa karɓar wani saurayi da ya sha na kakarsa da yawa cikin ɓacin rai, aka same shi da safe a ƙasa, ya kwana a kan ɓari ɗaya ƙafa a lanƙwashe. Allah Ya yi da sauran kwana, zuciyar ta daidaita, ya farfaɗo. Amma da ya tashi tafiya sai ƙafar dama ta riƙa ja, ba ya iya ɗaga ta daga idon sawu, yatsun suna sharar ƙasa. Jijiyar da take zagaye gefen gwiwa ta waje ce nauyin jikinsa ya danne tsawon dare. Danginsa suka ce maganin ya cinye masa jijiya. Ta wata fuska suna da gaskiya, amma kwanciyar ce ta yi ɓarnar, kuma ya ɗauki watanni yana gashi kafin ƙafar ta dawo. Tun daga ranar ba na rubuta wannan magani ban tambayi su wa ke gidan ba. Ƙwayoyi kaɗan suna iya kashe ƙaramin yaro. Idan jikoki suna shiga ɗakin Hajiya, kada maganin ya zauna a ƙarƙashin matashi ko a cikin jakar hannu, a kulle shi. Idan kuma aka yi zargin wani ya sha da yawa, a kai shi asibiti ko da yana magana garau, don rikicewar takan zo ne daga baya, cikin 'yan awoyi.

Ta uku haɗi ne. Tiramadol da amitiriptilin ba sa shiri. Kowannensu yana sauƙaƙa zuwan jijjiga, kowannensu yana ɗaga serotonin, idan suka haɗu ana iya samun karkarwa, gumi, zazzaɓi, fizgar tsoka da ruɗewa. Kin san yadda tiramadol ya yawaita a wajenmu, har mai ciwon gwiwa ana miƙa masa a kemis ba takarda. Fuluoksetin da paroksetin kuma, wasu magungunan ciwon damuwa, suna hana hanta sarrafa amitiriptilin, sai ya taru. Ko maganin zazzaɓin cizon sauro mai haɗin artemita da lumefantirin, bayaninsa ya yi gargaɗi a kan haɗa shi da amitiriptilin saboda rikicewar bugun zuciya. Ba cewa nake a bar zazzaɓi ba magani ba. A dai gaya wa mai rubutawa abin da take sha, shi zai san yadda zai yi. Mai farfaɗiya da wanda bai daɗe da samun toshewar jijiyar jinin zuciya ba, su ba a ba su wannan magani sai da dogon nazari, ko a canza musu wani.

Game da ƙwaƙwalwa, manyan bincike biyu, ɗaya a Amurka a 2015, ɗaya a Ingila a 2019, sun ga cewa tsofaffin da suka yi shekaru suna shan magungunan da suke toshe sinadarin asitilkolin, ciki har da masu zobe uku, sun fi sauran samun cutar mantuwa. Binciken ya nuna tafiya tare ne, bai tabbatar cewa maganin ne sanadi ba. Duk da haka ya isa ya sa mu yi taka tsantsan, kuma jagororin likitocin tsofaffi a Amurka sun ce a guji amitiriptilin ga wanda ya kai 65 in da hali, saboda ruɗewa da faɗuwa. Hajiya tana da 61. Ra'ayina shi ne ta zauna a kan mafi ƙarancin adadin da yake yi mata aiki, a riƙa sake duba buƙatarsa duk bayan wasu watanni, kada ya zama maganin da ake sabuntawa shekara da shekaru ba mai tambaya.

Bushewar bakin da kika ambata daga toshe asitilkolin ɗin nan ne, tare da taurin bayan gida, dishi-dishin gani wajen karatu, da wahalar fitsari. Ba alamar mutuwar jijiya ba ne, suna tafiya idan maganin ya tafi. Ta riƙa kurɓar ruwa, ta kula da haƙora, kada ta jiƙa bakin da lemon kwalba. Sai dai ki lura, yawan ƙishirwa alamar hawan suga ce ita ma, a auna. Wanda na fi jin tsoro shi ne jiri idan ta miƙe, musamman tashin asuba, ga magagin magani, ga ƙafar da ba ta jin ƙasa sosai, ga duhu. Ta zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin ta tashi, a bar mata fitila a hanyar banɗaki. Idan nauyin barci yana bin ta har hantsi, ta riƙa sha tun bayan magariba ko isha maimakon sai ta zo kwanciya. Idan illolin sun yi yawa, nortiriptilin ya fi sauƙi a wannan fannin, ko a koma duloksetin ko gabapentin gwargwadon lafiyar ƙodarta.

Ki gaya wa yayanki damuwarsa tana kan hanya, amma yankewa rana ɗaya bayan wata 5 tana kawo tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci, munanan mafarkai da rashin natsuwa, sannan zafin ƙafar ya dawo. Ba jaraba ba ce irin ta ƙwaya, jiki ne ya saba, shi ya sa ake saukowa mataki-mataki cikin mako 4 ko fiye, da sanin wanda ya rubuta. Kuma idan aka daina a gida aka zauna jiran sagewa ta wuce, watannin da za a ɓata su ne watannin da ƙarancin B12 ko hawan suga zai ci gaba da aikinsa.

Kafin ku samu ganin likita, akwai aikin da ya fara daga yau, tunda ƙafar da silifas yake sulluɓewa daga ita ba a sani ba, ƙusa ma za ta iya shiga ba a sani ba, kuma daga irin wannan ƙaramin rauni ne gyambon masu suga yake farawa. Kullum da dare ke ko wata ta duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu da fitila. Kada ta taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida, balle siminti da rana ta gasa. A zazzage takalmi kafin ta sa. Ruwan wanka da na alwala a gwada zafinsa da gwiwar hannu, bayan alwala kuma a tsane tsakanin yatsu da tawul. Da hunturu kada ta miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, safa ta ishe ta. A yanke farce a miƙe, ba da reza ba, kada kuma a bari mai yankan farce ya fere mata kantar ƙafa. In za ta haƙura da lalle a ƙafa zuwa ranar asibiti zai fi, don likita ya ga launin fatar yadda take.